Kwana Biyar da Jirgi Ya Cinye

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya san abin da wannan ke nufi a ƙasarmu ya riga ya san rabin labarina. Sunana Safara'u, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin wadda ta haife ni ba. Inna Turai mutuniyar Badafi ce ta ƙasar Kiru, kuma wajen kunyar ɗan fari ko Bafulatana sai ta sara mata. Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Hajara, ƙanwar mahaifina, a Tudun Wada. Can na girma, can aka yi mini aure da Jibrin, Allah ya jiƙansa. In an kai ni Badafi da salla, Inna sai ta kau da kai kamar rana ta haske mata ido. Ƙannena su hau cinyarta, su ja mata zane, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa. Ban ce ta yi laifi ba, haka ta tarar ana yi. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma yanzu da furfura ta cika mini kai ban ga wanda zan ɓoye wa ba.

Shekara biyar kafin mulkin kai muna zaune a gefen Doguwa, inda Jibrin ya sami aikin kula da filin jirgi. Kada ku ji filin jirgi ku zaci irin na Kano. Wani dogon fage ne da masu haƙar kuza suka share a cikin daji, suka jera fararen duwatsu gefe da gefe. Jirgin ma ɗan mitsitsi ne mai kujera huɗu. Ran Alhamis yake zuwa, ya kwashi takardu da gutsattsarin duwatsu ya kai wa masu awon ƙasa da suka kafa sansani kusa da Badafi, inda su ma suka share nasu fagen. Aikin Jibrin shi ne ya bi filin da ƙafa tun da sassafe, ya rushe surin da gara ta tayar, ya cike ramukan gafiya, ya lallashi Fulani su janye shanunsu. In ya jiyo rugugin jirgi sai ya hura wuta ya danne ta da ɗanyar ciyawa, don matuƙi ya ga inda hayaƙi ya karkata ya san ta ina iska take. Yana ji da aikin nan kamar shi ya ƙera jirgin.

A daminar shekarar na haihu, ɗan bai zo da rai ba, ni kuma na kwanta har aka fara fid da tsammani. Labari ya kai Badafi. Bayan kwana goma sha biyu sai ga Inna a ƙofar gidanmu bisa jakin fatake, ƙafafunta a kumbure kamar an hura salka. Ta aika wa Jibrin ta bayan zana, don shi ma suruki ne ba a haɗa ido da shi, cewa maganin ƙafa ta zo nema wurin wani Bafulatani da aka ba ta labari. Wata biyu ta yi a gidan, ban ga ranar da ta tambayi inda rugarsa take ba.

Ita ke dafa mini ruwan wanka, amma maƙwabciyarmu Rabi take kira ta yi mini wankan. Ita ke dama kunun kanwa, amma a ƙasa take ajiye ƙwaryar ta juya baya. Magana kuwa da kayan gida take yi. In tana so in ci abinci sai ta dubi akushi ta ce, "Wannan tuwon in ya huce ba mai cinsa." In na fito cikin sanyin safiya ba mayafi, sai ta ce wa kaza, "Wasu dai ba sa jin bari, sai sun sake kwanciya." Kajin gidan nan sun sha nasiha a wata biyu fiye da wadda na sha a shekara talatin.

Na miƙe, ita kuwa jiki ya ci gaba da ƙi. Numfashinta ya koma sama-sama, in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Ta san abin da ke tafe, ni ma na sani. Da aka fara yankan gero sai ta ce a faɗa wa maigidan tana so ta koma inda aka binne cibiyarta.

Hanyar mota ruwa ya cinye ta, ba a gyara ba tukuna. Amma akwai ayarin Madugu Bala da zai tashi bayan kwana goma. Kwana biyar ne in ana bi a hankali saboda mai jinya: biyu a ratsa dajin Falgore zuwa Tudun Wada, a ƙetare kogi a Tiga, a kwana Bebeji, sannan Badafi. Jibrin ya ce in raka ta, in zauna can har abin da Allah ya yi.

Murna na yi, ba zan ɓoye ba. Kunya da idon mutane take ci, a hanya kuwa ba idon kowa sai na baƙi. In an sauka zango mata biyu tabarma ɗaya suke raba wa, ƙwarya ɗaya suke sa hannu. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. So nake ta dube ni ta yi mini magana, ni ɗin nan, ba akushi ba, ko da sau ɗaya kafin ƙasa ta rufe mata ido. Na san da zarar ta shiga gidan Badafi, cikin ƙannena da matan unguwa masu zuwa dubiya, ƙofar ta rufu ke nan har abada. Kwana biyar ɗin nan su kaɗai gare ni. Na shiga haɗa guzuri kamar mai shirin tafiya Makka a ƙasa, na daka dakuwa, na soya ƙuli-ƙuli, na yi garin fura, har kilishi na sa aka sayo mini ran kasuwa.

Ran Alhamis da hantsi, bayan jirgi ya tashi, sai ga Jibrin ya shigo yana warin hayaƙi, baki har kunne.

"Albishirinki."

"Goro," na ce, ina tankaɗe.

"Na yi magana da Zakara."

Zakara shi ne Baturen da ke tuƙa jirgin. Wuyansa ja ne wur, kuma in yana tafiya yakan miƙa shi gaba, shi ya sa 'yan kuza suka laƙaba masa sunan.

"Alhamis mai zuwa kujerun baya ba kowa. Ya ce zai ɗauke ku, ke da Inna, ya sauke ku a fagen Badafi. Na riga na ba da saƙo a faɗa wa ƙanenki Salisu ya zo da jaki. Kin san tsakaninmu da can in an miƙe kamar zare? Mil sittin da biyar. Minti talatin da biyar."

"Minti talatin da biyar ɗin kwana nawa ke nan?"

Ya yi dariya har da dafa turmi. "Wane kwana? Ki ɗora wake a wuta, kafin ya nuna kun sauka."

Ji na yi kamar in kwaɗa masa rariyar. Amma me zan ce? Gaskiyarsa ce, kwana biyar bisa jaki cikin rana na iya ƙarasa Inna a daji. Kwana da kwanaki ya yi yana neman bakin da zai roƙi Baturen nan, ya gyara filin har ba a ganin tsinke, duk don ya kyauta wa surukarsa. Na ce masa Allah ya saka da alheri, na shiga ɗaki na yi kukana, ya zaci na daɗi ne.

Aka faɗa wa Inna. Sai ta dubi murhu ta ce, "Allah ya yi wa masu ɗawainiya albarka." Da yamma ta aika a tambayo mata liman ko matafiyin sama yana yin ƙasaru, wato rage salla irin na matafiya. Liman ya ce nisan dai ya kai, amma wanda ya tashi da hantsi ya isa gida kafin azahar, wace sallar zai rage? Inna ta ce to, ita ma abin da ta gani ke nan. Na ɗauka daɗi ta ji za ta rabu da ni da wuri, kuma wannan ya fi kome cin raina.

Ranar tafiya Zakara ya sa aka rataye sikeli a reshen marke, irin wanda ake auna gyaɗa, aka auna mu mu da kayanmu. Inna ta ce tun da take ba a taɓa auna ta ba sai yau da ba sauran nama. Kaya suka yi nauyi, dole a rage. Malam Adamu, akawun masu awo da zai zauna gaba kusa da matuƙi, shi ke yin tafinta. Ya nuna jakar guzuri.

"Inna, wannan ai ba shi da amfani. Kafin ki ji yunwa kina ɗakinki."

Inna ta ja jakar ta zauna a kai. Aka yi juyin duniya ta ƙi tashi. A ƙarshe tabarmarta da tukwane biyu da ta saya a kasuwar Doguwa su aka bari.

Cikin jirgin ya fi akurkin kaji ƙunci, ga warin fetur. Aka ɗaure mu da maɗauri a kujera, kafaɗata tana gogar tata, ita kuwa ta maƙale jikin taga don kada mu haɗu. Na hango Jibrin tsaye bakin fararen duwatsunsa, ya cire hula yana ɗaga mana. Sai injin ya ɗauka. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana nake jin ta. Jirgin ya zabura yana tsalle, bishiyoyi suka taho da gudu, sai kawai na ji ƙasa ta sake mu.

A nan ne Inna ta cafke wuyan hannuna. Tun da na yi wayo hannunta bai taɓa sauka a jikina ba sai ranar. Tafin yana da kaushi, yana da zafi, kuma ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Idonta a rufe, leɓunanta suna motsi ba tsayawa. Na ce a raina addu'a take, don ni ma duk abin da na haddace ya fito.

Da hankalina ya dawo na leƙa. Dajin Falgore, wanda fatake ke shiga da addu'a su fita da sadaka, yana shimfiɗe a ƙasa kamar koren zane da aka shanya. Ban gama kallonsa ba ya ƙare. Malam Adamu ya juyo yana nuni da yatsa, yana ɗaga murya don mu ji, wai ga Tudun Wada nan. Na nemi gidan Goggo ban gane shi ba, garin duka bai fi faifai ba. Na ce a raina kwana biyu sun tafi. Kogin da na yi ta tunanin yadda zan riƙe Inna mu ƙetare shi a Tiga, sai ga shi kamar an yar da igiyar guga, muka tsallake ba wanda ya jiƙe. Ya nuna Bebeji. Kowane gari ya ambata, ni dare ɗaya nake gani ya fice daga hannuna. Hawaye suka zubo mini, Malam Adamu ya yi mini alama da hannu wai kada in ji tsoro, an kusa. Bawan Allah, ai kusan ne ke sa ni kuka.

Sai na hango wani siririn hayaƙi yana tashi daga gefen gonaki, ya karkata yamma. A can ma akwai wani mai irin aikin Jibrin. Jirgin ya sunkuya, ya daki ƙasa sau biyu, ya gangara ya tsaya. Zakara ya juyo yana ƙwanƙwasa agogon hannunsa, ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, "Talatin da huɗu. Iska mai kyau." Ko minti ɗayan da ya rage ma bai bar mini ba.

Injin yana mutuwa Inna ta saki hannuna, ta gyara mayafi kamar ba ita ba. Shatin farcenta huɗu ya fito a fatata.

Rabin Badafi ya fito ganin matar da ta sauko daga sama. Ƙanena Salisu, wanda ke bi na, ya durƙusa ya gaishe ta, ya jawo jakin da ya yi wa shimfiɗa. Daga fagen zuwa gida bai kai mil ɗaya ba, ana hango rimayen bakin gari.

"Ba zan hau ba," in ji Inna. "Cikina bai sauko ba tukuna, in na hau amai zan yi."

"To Inna, in goya ki."

"Ka goya uwar wani. Ku wuce da kaya, ka ce a share ɗaki a ɗora ruwa. Ku kuma me kuke kallo, ƙaho na fito da shi? Ku tafi, ba na son numfashin mutane. A bar jakar nan, waccan ta riƙe."

Waccan ni ce. Ba wanda ke ja da Inna a Badafi, sai taron ya bi jaki, suna waige suna ba juna labarin jirgi. Muka rage mu biyu.

Hanyar 'yar siririya ce ta cikin gonakin dawa, karan ya fi mutum tsawo, zangarniya ta sunkuyo tana jiran lauje. Muna shiga, gari ya ɓace, fage ya ɓace. Inna ta dafa kafaɗata. Muna taku goma ta tsaya ta nemi numfashi, mu ƙara goma. Da muka kai wata ɗorawa da ke kan iyakar gonaki biyu ta ce a nan za ta huta. Na shimfiɗa mata mayafina, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta kwance bakin jakar ta ɗauki dakuwa ta gutsura.

"Kin cika barkono," ta ce.

Na waiga in ga ko akwai kaza. Ba kaza, ba akushi, ba kowa. Ni take kallo, ido cikin ido. Ashe idanunta ba baƙaƙe ba ne sosai, sun yi ruwan ƙasa.

"Zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar dogari."

Na zauna.

"Mijinki mutumin kirki ne," ta ce, "amma bai san kome ba. Ni ma kwana biyar na ƙirga. Na ware abin da zan faɗa miki a daji, da na Tudun Wada, da wanda sai mun ƙetare kogi. Sai na ji wancan mai ɗan gemun yana kiran garuruwan ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon goro. Na ce to, Turai, in ba ki faɗa yanzu ba sai a kabari. Na faɗi abin da na iya a sama."

"Ban ji ko ɗaya ba, Inna."

"Ai shi ya sa ya faɗu."

Muka yi dariya, tata ta koma tari, na riƙe ta har ya lafa. Ba ta ture ni ba.

Ba ta maimaita duka ba, numfashin ba zai kai ba. Amma ta faɗa mini ranar da Goggo Hajara ta goya ni za ta tafi da ni. Ta ce ta zauna tana sussuka a tsakar gida ko kai ba ta ɗaga ba, mata suna yaba mata. Da suka fita ta ɗauki tulu wai za ta rafi, ta bi su ta cikin dawa, a wannan hanyar da muke zaune, tana jin kukana har ya daina kai mata. Kwana uku ba ta ci abinci ba, ta ce wa mutane haƙori ne. Ta ce duk bafataken da ya fito daga Tudun Wada sai ta saya masa fura, don kawai ya yi zancen gidan Goggo ko sunana zai faɗo a ciki.

Na ce, "Da kin sani da kin aiko mini ko da kalma ɗaya."

"Da na aiko. Ban iya ba ne." Ta murza dakuwa a yatsu. "Cire ɗankwalin nan in gani."

Na cire. Kitson da ke kaina tun na jinya ne, ya tsufa ya yi buzu-buzu.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Rabi."

"Hannunta ba kyau. Juyo nan." Ta zaro kibiyar kitso daga cikin gashinta. "Ba yarinyar da ta tashi a unguwarmu ban yi mata kitso ba, har da 'ya'yan waɗanda ba ma ga maciji da su. Kanki ne kaɗai ban san yadda yake ba."

Na zauna tsakanin kumburarrun ƙafafunta, ni da shekara talatin, na kwantar da kai a gwiwarta. Ta tsefe tsohon a hankali, ta tsaga, ta fara. Yatsun ba ƙarfi, sai ta kama ta saki, ta huta, ta sake kamawa. Ta ce gashina irin na uwarta ne, mai gardama. Ta ce in daina motsi. Hawayena suna jiƙa mata zane, ta yi kamar ba ta ji ba, ni ma da wani abu mai ɗumi ya ɗigo mini a tsaga ban ɗaga kai ba. Sau biyu Salisu yana dawowa da jakinsa, sau biyu tana korarsa tun daga nesa. A nan muka yi azahar, ita a zaune, cikakkiya raka'a huɗu.

Ana kiran la'asar muka shiga gari. Jirgi ya kawo mu daga Doguwa kafin wake ya nuna, mu kuma abin da bai kai mil ɗaya ba ya ci mana wuni. A ƙofar gida, da ta ji muryoyin mata, ta ɗauke hannunta daga kafaɗata, ta shiga da kanta tana dafa bango. Ta dubi matar Salisu ta ce, "A ba baƙuwa ruwa."

Kwana goma sha tara ta yi. Ina gefenta kullum, kuma ba ta sake yi mini magana ba sai ta bakin ƙwarya da ludayi, ni kuwa ban ƙara jin zafin haka ba. Kitson layi bakwai ne, duk a karkace, na ƙarshen ma ba ta kai shi ƙeya ba. Matan da suka zo zaman makoki sun yi ta tambaya wace mai koyo ce ta ɓata mini kai, wasu har da cewa in zo su gyara. Na ce su bar shi. Ban sa masa hannu ba har ya warware don kansa.